Mu uku za mu haɗa jari: yaya za mu tsara zamanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mu uku ne muke shirin buɗe wurin gyaran riɗi da zoɓo a Dawanau, mu tsaftace mu ɗura a buhu mu sayar wa masu fitarwa waje. Ni na san aikin, shekara bakwai ina yi wa wani kamfani, kuma zan ajiye aikina in tsaya a kai. Abokina tun na ƙuruciya ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, zai kawo naira miliyan 12. Na ukunmu ƙanin matata ne, yana da sito a kasuwar, ya kuma san dillalai da masu saye. Mun tsayar da cewa komai kashi uku daidai. Da na ce mu je wurin lauya, sai abokina ya ce ai wannan rashin yarda ne. Me za ka ba mu shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da kuka sa gaba.

Maganar abokinka na sha jin ta a ofis, kuma yawanci mutanen kirki ne suke faɗin ta. Macuci bai cika gudun takarda ba, shi da zai sa hannu ya fita ya take. Ka tuna masa a hankali cewa ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma masu imani aka kira a farkonta. A Suratu Sad ma, aya ta 24, cikin ƙissar Annabi Dawuda Alaihis Salam, an faɗa cewa da yawa daga masu cuɗanya dukiya sashensu yana zaluntar sashe, ban da waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari, kuma kaɗan ne su. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To amma takarda ba ita ce babbar matsalarku ba. Ko yau kuka zo mini ba zan iya rubuta muku komai ba, domin ku kanku ba ku gama sanin abin da kuka amince a kai ba. Wannan "komai kashi uku daidai" ya dunƙule abubuwa uku da ya kamata a raba: kuɗin da aka zuba, wahalar da za a sha, da ikon yanke magana. Kowannensu da hukuncinsa.

Mu fara da miliyan 12. A Kano akwai kalma ɗaya da ta raba abokai fiye da yadda ake zato, ita ce "juya". "Ga wannan ka juya mana." Wani bawan Allah ya taɓa zuwa wurina da baƙar leda, a ciki takardun banki ne da littafi mai bangon kwali da ya sha maiƙo. Amininsa ya ba shi kuɗi ya juya, ya sayi kaya, farashi ya karye. Da na zaunar da su, mai kuɗin ya ce shi uwar kuɗinsa kawai yake so, ba ya neman riba. Mai juyawa ya ce ai jari suka haɗa, faɗuwa ta kowa ce. Na duba fuskokinsu, babu maƙaryaci a ciki. Ɗaya ya ba da bashi a zuciyarsa, ɗaya ya karɓi jari a tasa zuciyar, kuma shekara biyu suna cin riba tare babu wanda ya lura da saɓanin, domin riba tana rufe komai.

Saboda haka ka tambayi abokinka tambaya ɗaya, a gaban ƙanin matarka: idan riɗi ya faɗi warwas, miliyan 12 ta koma 7, wa zai biya ka cikon biyar ɗin? Idan ya ce babu kowa, to jari ne. Idan ya yi shiru yana murza carbi, to a ransa bashi ne, kuma ku tsaya nan ku warware kafin ku sayi ko buhu ɗaya.

Fiƙihunmu ya riga ya raba waɗannan tun tuni. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya, idan aka yi tarayya da dukiya, riba tana bin gwargwadon abin da kowa ya fitar. Wato mutum ɗaya ya kawo kuɗin duka sannan a raba riba uku daidai da sunan tarayya, wannan bai zauna ba. Hanafiyya da Hanbaliyya sun sassauta, sun yarda a ƙara wa mai aiki kaso a riba, amma kowa ya haɗu a kan cewa asara tana bin jari. Sannan ga ƙiradi, wanda bankunan Musulunci suke kira mudaraba: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. Idan aka faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar guminsa. Abin da bai halatta ba shi ne wanda ya zama ruwan dare a gari, wato "ka riƙa ba ni dubu ɗari uku duk wata, uwar kuɗina kuma tana nan daram".

Da ni ne, zan raba kuɗin nan gida biyu. Miliyan 6 ta shiga a matsayin hannun jari, a sayi injin tankaɗe, sikeli, janareto da sauran abin da zai zauna. Ragowar 6 ta zama ƙiradi na sayen kaya lokacin kaka, a yi lissafi idan aka sayar, a ba shi kasonsa, in ya so ya sake zubawa in ya so ya janye. Wannan ya fi masa kwanciyar hankali, ku ma ya hana shi haɗiye kamfanin baki ɗaya.

Sai wahalarka. Kai ne wanda ya fi kowa kasada a cikinku, kuma kai ne ka fi kowa jin kunyar faɗi. Abokinka albashinsa na nan yana shiga duk ƙarshen wata. Ƙanin matarka cinikinsa na nan. Kai kaɗai za ka ƙona gadar da ka haye. Idan aka ce sai an sami riba za a raba, me za a ci a gidanka wata takwas na farko? Abin da ke faruwa, kuma na gan shi ba sau ɗaya ba, shi ne mai tsayawa a wurin ya fara zarar na cefane daga ciniki, da niyyar zai mayar. Ba ya rubutawa saboda kunya. Ranar da aka zo lissafi sai a kira shi ɓarawo, alhali shi aka zalunta tun farko.

A yanka maka albashi. Mu ƙaddara aikinka ya kai dubu 250 a wata, kamfani kuma ba zai iya ba ka fiye da dubu 100 ba a yanzu. Cikon dubu 150 ba sadaka ba ne. A shekara biyu ya zama miliyan 3 da dubu 600, kuma jarinka ke nan. Haka siton ƙanin matarka: a tambayi maƙwabta nawa ake ba da hayar irinsa. In miliyan ɗaya da rabi ne a shekara, kuma ya yarda ba zai karɓa ba har shekara biyu, ya zuba miliyan 3. Ka haɗa 6 da 3.6 da 3, ka ga 12.6. Mai kuɗi ya tashi da kashi 47 da ɗoriya cikin ɗari, kai 28 da ɗoriya, mai sito kusan 24. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, ku sa naku. Kuna iya ƙara maka don ƙwarewa, ko ku dawo kan kashi uku daidai idan kun ga dama. Ba na faɗa da daidaito. Abin da nake ƙi shi ne daidaiton da aka zaɓa don gudun magana mai nauyi. Kuma siton ya zauna a sunan mai shi, kamfani ɗan haya ne da takardar haya. Kada ku cakuɗa shi da dukiyar kamfani.

Shi kuwa "ya san mutane" ba na ba shi hannun jari. Sanin mutane alkawari ne, ba kaya ba ne a ƙasa. Wanda ya kawo mai saye a ba shi la'adarsa a kan cinikin da ya faɗa, yadda kasuwa ta saba.

Yanzu ga abin da ya fi wuyar haɗiyewa. Kason da aka ba mutum saboda aikin da zai yi nan gaba, kada ya mallake shi rana ɗaya. Masu kafa kamfanonin fasaha a Amurka suna da tsarin da ya zama al'ada: hannun jarin mai kafawa yana nuna ne, wato yana zama mallakarsa, a hankali cikin shekara huɗu. Wanda ya tafi kafin shekara ta cika ba shi da komai. Ranar da shekara ta cika ya mallaki rubu'i, daga nan kuma duk wata ana ƙara masa kashi ɗaya cikin 48. Idan na faɗa wa 'yan kasuwa wannan sukan ce baƙon abu ne, sai in tambaye su: a Kantin Kwari ko Singa, akwai ubangidan da yake sallamar yaronsa ranar da aka kawo shi? Sai ya yi shekaru, an ga riƙon amanarsa, sannan a ba shi jari. Bambancin kawai shi ne a nan an rubuta shekarun, ba a bar su ga ganin damar ubangida ba. Wannan sharaɗi a kanka zai fi hawa, Malam, kuma shi zai sa abokinka ya yarda cewa ba don ka ɗaure shi kake neman takarda ba. Kason da aka saya da tsabar kuɗi shi ba ya jiran nuna. Ta fuskar doka kuma, tunda dokar kamfanoni ta yanzu ba ta barin a ajiye hannun jarin da ba a raba wa kowa ba, yadda muke yi shi ne a rubuta wa kowa kasonsa tun farko, sannan yarjejeniya ta wajabta wa wanda ya fita da wuri ya mayar da wanda bai nuna ba a kan farashinsa na takarda, wato wanda aka rubuta wa hannun jarin tun farko.

Wace irin rajista? Mutane da yawa suna zuwa CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su yi rajistar sunan kasuwanci saboda ta fi araha, su ɗauka sun kafa kamfani. Ba su kafa ba. Sunan kasuwanci riga ce kawai, ku ne a ciki. Idan ƙanin matarka ya ɗauki zoɓon miliyan 20 bashi da wannan suna, mai kaya yana iya bin gidanka. Kamfanin Apple a haka ya fara a 1976, tarayyar mutum uku. Na ukunsu, Ronald Wayne, yana da kashi 10 cikin ɗari, amma shi ne mai ɗan abin hannu da masu bin bashi za su iya kamawa. Ko mako biyu ba a yi ba ya sayar da kasonsa dala 800 ya fice. Ana yawan ba da labarin don a yi masa dariya, ni kuwa ina ganin tsoronsa yana kan hanya, tsarin ne bai kare shi ba. Ku yi kamfani mai Limited, wanda yake zama katanga tsakanin bashin kamfani da dukiyar gidajenku. Dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, ta sauƙaƙa: mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira dubu 100 ne, kuma ƙaramin kamfani ba dole ne ya ɗauki sakataren kamfani ba. Dokar ta kuma kawo tarayya mai iyakantaccen alhaki, LLP, amma ga masu sayen kaya da neman kuɗin banki kamfani ya fi sauƙin sha'ani. Sai dai ka sani, ranar da banki ya ce darakta ya tsaya wa bashi da kansa kuma ka sa hannu, katangar nan ta rushe a kanka.

Akwai abin da ya shafi abokinka shi kaɗai. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ya riƙe hannun jari, wannan daban. Amma kada ku sa shi manajan darakta, kada kuma ya zama mai gudanar da harkar yau da kullum, don kada ku ja masa abin da zai taɓa aikinsa.

Wannan ya kawo mu ga iko. A dokarmu kowane hannun jari na gama-gari ƙuri'a ɗaya ne, ba a yin mai ƙuri'a goma kamar yadda ake yi a Amurka. Rinjaye mai sauƙi ya isa a cire darakta. Canza kundin tsarin kamfani kuwa sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Ka lura da abin da wannan ke nufi idan kuka yi uku daidai: duk biyun da suka haɗa kai za su iya tsige na uku daga darakta. Yau kana ganin kai ne a tsakiya, ɗaya abokinka ɗaya surukinka. Allah ya kiyaye, amma aure yana samun tangarɗa, kuma ranar da matarka ta yi yaji, ƙaninta ba zai shigo sito da fuskar jiya ba. Ban faɗi haka don fata ba, na faɗa ne don na ga kamfanin da saki ɗaya ya rufe shi.

Mafita ita ce a raba magana gida biyu. Ta yau da kullum, kamar sayen kaya har zuwa wani adadi, ɗaukar leburori da gyaran inji, taka ce kai kaɗai, kada a riƙa kiran Abuja kafin a sayi man janareto. Manyan abubuwa kuwa sai kowa ya sa hannu: cin bashi, ba da kaya bashi fiye da adadi kaza, sayar da inji, shigo da sabon mai jari, ƙarin albashin ɗayanku, da ɗaukar ɗan'uwan wani aiki. Na ƙarshen nan kada ku raina shi. Ɗaukar ɗan yaya yana da sauƙi, korarsa ce take kai mutum gaban iyaye.

Kuɗi kuma asusun kamfani kaɗai. Mutum biyu su sa hannu a kan abin da ya wuce wani adadi, alat ya riƙa shiga wayar ku ukun. Kada mai saye ya ce "turo akawun ɗinka" ka tura naka don sauri. Duk ƙarshen wata a ƙirga buhunan da ke sito a tura wa kowa lissafi, ko da shafi ɗaya ne. Ku kuma rubuta kashi nawa na riba za a raba, nawa za a mayar cikin jari, domin mai albashi zai so a bari ta taru, mai iyali a wuya zai so a raba.

Ƙanin matarka yana da nasa cinikin a kasuwar nan, kuma irin kayan ɗaya ne. Idan babban mai saye ya zo, na wa za a fara sayarwa? Idan ya sayar wa kamfani riɗinsa, wa zai sa farashi? A rubuta cewa duk cinikin da ke tsakanin kamfani da ɗayanku sai sauran biyun sun sani sun yarda. Sunan da za ku buga a buhu shi ma na kamfani ne, kuma rajistar CAC ba ta kare tambari, wannan rajista ce daban a ofishin alamun kasuwanci na ma'aikatar ciniki ta tarayya.

Sai maganar da ba a so, wadda ita ce ta fi kawo mutane ofishina. Wata baiwar Allah ta zo da mayafin takaba bai daɗe da sauka ba, tare da wan mijinta da yaro ɗan shekara tara yana wasa da murfin biro. Mijinta ya yi shekaru yana haɗaka da abokinsa, babu rubutu ko ɗaya. Abokin ya kawo wani adadi ya ce iya kason marigayi ke nan. Wan mijin ya ce ƙarya ne, ƙaninsa ya gaya masa shi ke da rabi. Wataƙila abokin gaskiya ya faɗa. Amma ba shi da abin nunawa, kuma har gobe a unguwarsu ana kallonsa a matsayin wanda ya ci dukiyar marayu. Shi ya sa nake ce wa mutane amanar da ke tsakaninku ba a gadonta. Ku kun yarda da juna, amma matanku da 'ya'yanku da wanda zai tsaya musu ba su yi firamare tare ba.

Hannun jari dukiya ce, yana shiga gado. Matan mamaci su raba tumuni idan akwai 'ya'ya, sauran magada kowa da rabonsa, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Don haka ba za ku rubuta cewa kason wanda ya rasu ya zama na sauran kyauta ba. Abin da za ku rubuta shi ne masu rai suna da haƙƙin fara saye a kan farashin adalci, kuɗin ya tafi ga magada, a biya cikin wata 12 ko 18 don kada kamfani ya durƙushe. Albashin mamaci ya tsaya da aikinsa, amma ribar kasonsa tana tafiya gidansa har a gama biya.

Hanya ɗaya ce da wanda ya gaji da tarayyar ya ce a ba shi nasa. Sashe na 22 na CAMA ya ba kamfani mai zaman kansa damar sa wa a kundinsa cewa ba mai sayar wa bare sai ya fara tayar wa abokan tarayya. Ku sa shi. Ku kuma faɗi yadda za a ƙiyasta farashi tun yanzu da babu wanda ya san ko shi ne mai saye ko mai sayarwa: akanta mai zaman kansa da kuka amince da shi, ya ƙirga kaya da injina da bashin da ake bin mutane, ya cire wanda ake bin ku. Mai fita ya ba da sanarwar wata uku, kuma kada a cire jari a tsakiyar kaka. Wanda aka kama da ha'inci farashinsa daban da wanda ciwo ya kwantar.

Idan rigima ta tashi, ku ambaci sunan dattijo ɗaya da kowa yake jin nauyinsa a fara zuwa wurinsa. In ta faskara, a je cibiyar sasanci ta Multi-Door da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano, ko a naɗa mai yanke hukunci bisa dokar sasanci ta 2023. Rigimar tafiyar da kamfani hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, kuma kafin a gama zarya Gyaɗi-Gyaɗi, inda kotun take a Kano, zoɓon da ke sito ya canza launi.

Kafin ku ga lauya, ga abin da za ku yi ranar da abokinka ya shigo gari. Kowa ya ɗauki takarda ya koma gefe, ba shawara, ya rubuta amsar waɗannan: in an faɗi wa zai ɗauki asara, awa nawa zan ba wurin nan a mako, nawa nake sa ran ɗauka a shekarar farko, wa ke da maganar ƙarshe, in na mutu gobe me za a kai gidana. Sannan ku haɗa takardun uku a kan tabarma ku karanta da ƙarfi. Inda amsoshin suka saɓa, nan ne aikin lauya yake, kuma da takardun za ku zo. Idan an rubuta yarjejeniyar, a yi mata fassarar Hausa, malamin da kuka yarda da shi ya duba ɓangaren ƙiradi da gado, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya kai kwafi gida ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye.